Injin ɗaura tsirkiyar raket daga ƙaramin ɗan kasuwa: in saya ko in haƙura?

Mai horar da yara, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koya wa yara 11 wasan tanis a nan Garwa, raket 7 muke karɓa-karɓa da su. Duk wadda tsirkiyarta ta tsinke sai na ba direba ya kai Yawunde, kafin ta dawo an yi mako biyu ko uku. Akwai wata yarinya bahaguwa da ta fi kowa hannu, watan jiya kwana 20 ta yi tana tsintar ƙwallo saboda raket ɗinta na hanya. Abin ya tsaya mini a rai.

Na sami wani mai ɗan shago a Duwala, shi da ƙanensa, suna shigo da kayan wasanni daga Sin. Yana da inji iri biyu: mai sanda da dunƙulen ƙarfe, sefa dubu 250, da na lantarki da ya ninka haka kusan sau uku. Ya ce in tura kuɗin duka ta Orange Money kafin ya ɗora kaya. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Wanne zan ɗauka, kuma me zan tambaye shi?

Tsohon ɗan wasa, Njamena:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya saka maka da alheri kan yaran nan. Ɗauki mai dunƙulen ƙarfe. Nauyin ƙarfen ne ke jan tsirkiya, kai dai ka tabbata sandar ta kwanta daidai, ba ta ɗaga ba ba ta sunkuya ba. Ba ruwansa da ɗaukewar wuta, ba abin da zai ƙone a ciki. Na lantarki ya fi sauri, amma da zafin Afrilu da ya haura digiri 40 da ƙurar hunturu, in allonsa ya lalace wa zai gyara maka a Garwa? Raket 7 ba su kai ka sayi wannan damuwar ba.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne madamƙan, wato haƙoran da ke riƙe tsirkiya bayan an ja ta. Nan ne injin mai arha yake ha'inci. In suna sulɓewa, ka saita kilo 25 ka tashi da abin da bai kai ba. In ka matse su da yawa su tauna tsirkiyar. Tambaye shi: madamƙan a jikin inji suke ko masu yawo ne? Na jikin inji sun fi riƙo. A wuri nawa injin ke riƙe raket, 2 ko 6? Mai 6 ya fi kare kan raket daga lanƙwasa. Ka duba ma'aunin sandar kuma, wasu da fam aka rubuta su, fam 55 shi ne kusan kilo 25.

Kada ka sayi tsirkiya ƙulli-ƙulli. Naɗi mai mita 200 zai ɗaura maka raket 16 ko fiye, don kowace tana cin kusan mita 12. Ga yara ka sa nailan, kilo 22 ko 23. Foliyesta tana da tauri, tana gajiyar da gwiwar hannu.

Wani daga Marwa:
Malam, ni na taɓa ƙonewa. Na biya duka, kaya suka zo, madamƙi ɗaya a tsage, mai shagon ya daina ɗaga wayata. Wata 5 injin yana ajiye. Ba na cewa kowane ƙaramin ɗan kasuwa haka yake, wanda ya samo mini madamƙin daga baya ma ƙaramin ne. Amma ka sa ya ɗaura raket guda a bidiyo kana kallo, da injin da zai turo maka. Ka nemi wani naka a Duwala ya je ya gani, rabi yanzu, rabi in kaya sun sauka Ngaundere. A rubuta wanda zai ɗauki asara in abu ya karye a hanya.

Malamar makaranta, Ngaundere:
In kana tunanin badminton ma, Malam, faɗa masa tun yanzu. Kaurin tsirkiyarta yawanci bai wuce milimita 0.70 ba, na ta tanis kuwa yawanci 1.25 zuwa 1.30, madamƙan ba ɗaya ba ne. Ɗalibanmu za su riƙa aiko maka da nasu.

Mai horar da yara, Garwa:
Na gode ƙwarai, Yaya na Njamena da sauran 'yan uwa. Na kira shi ɗazu. Mai 6 ne, madamƙan a jikin inji, yana da na canji guda biyu zai haɗa mini. Ya yarda da rabi, ɗan yayata da ke aiki a tashar jirgin ruwa zai leƙa shagon ranar Asabar. Na badminton ya ce sai ya tambaya, Malama, zan sanar da ke. Yaya, in ya iso zan dame ka da tambayar yadda ake ƙulli na ƙarshe, don ban taɓa yi ba.