Hawan keke a tuddan Cotswolds

Tambaya: Salamu alaikum. Don Allah daga Landan ta ina ake shiga Cotswolds, yankin tuddai a Ingila, da keke, kuma wace giyar keke ta dace?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Hau jirgin ƙasa daga tashar Paddington zuwa garin Moreton-in-Marsh, ka kama wa keken wuri tun kafin ranar. Daga nan bi hanyoyin ƙauye zuwa Stow-on-the-Wold, Lower Slaughter, sannan Bourton-on-the-Water. Guji babban titin A429, motoci sun yi yawa.

Amsa: Malam, tuddan gajeru ne amma suna da wuyar hawa. Sa giya mai haƙora 34 gaba, 32 baya, taya mai faɗin milimita 28. Daga Satumba manoma na aske shinge, ƙaya ta watsu a kwalta. Riƙe tif biyu da famfo.

Amsa: A gangara taka birki kafin kwana, tsakuwa na taruwa a tsakiyar hanya.