Ƙanena yana kashe kowace magana da aya ko hadisi, basira ce ko me?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ƙanena ne da muke ciki ɗaya. Allah ya ba shi hadda, ya sauke Alƙur'ani, ya haddace hadisai masu yawa. Duk maganar da aka ɗauko a gida, ta kasuwa ce ko ta siyasa, sai ya jawo aya ko hadisi, daga nan kowa ya yi tsit. Baba yana alfahari da shi, yana cewa duk gidan babu mai basirarsa. Wani abokin aikina kuwa cewa ya yi mai yawan jan nassi ba ya iya tunani da kansa ne. Maganarsa ta yi min ciwo, don ni ma da Alƙur'ani nake tinƙaho.

Abin da ya hana ni barci shi ne Hajiyarmu. Tana da hawan jini, ƙanen nawa ya ce ta ajiye ƙwayoyin asibiti ta koma habbatus sauda, tunda hadisi ya ce waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa. Da na yi magana ya ce ko jayayya nake da Manzon Allah (SAW). Na rasa bakin magana, ita kuma ta daina shan maganin. Shin kawo nassi a muhawara shi ne basira? Kuma ta ina zan ɓullo masa?

Nas mai ritaya: 'Yata, muhawara za ta iya jira, jinin Hajiya ba zai jira ba. Hawan jini yakan hau ba tare da ciwon kai ko jiri ba, sai dai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Ki kai ta a auna yau. In ya kai 140/90 ko ya wuce, ya hau. Ta koma kan maganinta, a kuma gaya wa likita tana shan habbatus sauda.

Malamin zaure: Wa alaikumus salam. Hadisin ya inganta, yana cikin Buhari da Muslim, kada ki musa masa wannan. Inda ya yi tuntuɓe shi ne wajen fahimta. Allah ya ce a Suratul Ahƙaf, aya ta 25, iskar da ta halaka Adawa tana rugurguza kowane abu, amma a cikin ayar nan ɗin ya ce suka wayi gari ba a ganin komai sai gidajensu. Ashe gidajen ba su shiga "kowane abu" ba. Haka Imam Haɗɗabi ya fahimci hadisin habbatus sauda, cewa lafazin ya game amma abin nufi keɓantacce ne, kuma Ibnu Hajar ya kawo maganarsa a Fathul Bari. Annabi (SAW) da ya faɗi hadisin ya yi ƙaho, ya sa a ba mai ciwon ciki zuma, ya ce ku nemi magani. Da habba ta wadatar a komai, me zai kai shi ga waɗannan?

Ko sahabbai abin ya faru da su. Da aka saukar da ayar sahur, wadda ta ce a ci a sha har farin zare ya bayyana daga baƙin zare, Adiyyu ɗan Hatim ya sa igiya fara da baƙa a ƙarƙashin matashinsa yana dubawa cikin dare. Annabi (SAW) ya bayyana masa cewa hasken alfijir da duhun dare ake nufi. Ayar da Adiyyu ya riƙe daidai take, ma'anar ce ta kuɓuce masa. Akwai kuma hadisin Zaidu ɗan Sabit da ke cewa sau da yawa mai ɗauke da fiƙihu ba faƙihi ba ne.

Mu a nan mun daɗe da sanin wannan. Alaramma yakan rubuta Alƙur'ani da ka, ana girmama shi, amma rabon gado ko matsalar saki wurin wanda ya zauna a zaure ake kaiwa, wanda ya bi Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala har Askari a gaban malami. Hadda baiwa ce babba. Ƙanenki ya samu ta farko, saura ya durƙusa ya nemi ta biyun, wato fahimta.

Bakatsine: Allah ya gafarta Malam, na yarda da kai a kan magani. Amma ina tsoron a koya wa mutane raina mai kawo nassi. Sayyidina Ali ya ce da addini da ra'ayi ne, da ƙasan huffi ya fi cancantar shafa a kan samansa. Yaron nan yana komawa ga Allah da Manzonsa, ya fi min dubun masu "ni a ganina". Abokin aikin nan kuwa ki yi hattara da shi.

Ɗan Zazzau: Bakatsine, ba wanda ya raina nassi a nan. Abokin aikin nata dai ya yi kuskure. Lauya a kotu sashen doka yake jawowa, ba wanda ya ce ba ya tunani, ana duba ko sashen ya dace da shari'ar da ke gaban alƙali ne. Shi kansa abokin aikin, ai maganar da ya yi a wani wuri ya tsinto ta. Baba ma bai yi daidai ba, don iya jawo aya shaidar ƙarfin hadda ce kawai. Bayan yaƙin Siffin, shekara ta 37 bayan hijira, Hawarijawa, waɗanda suka ɓalle wa Sayyidina Ali, sun yi ta cewa babu hukunci sai na Allah, kuma aya ce. Sayyidina Ali ya ce kalmar gaskiya ce aka nufi ɓarna da ita. Ibnu Abbas ya je ya same su, ya kawo musu aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, inda Allah da kansa ya ce a naɗa masu sulhu biyu tsakanin miji da mata, da aya ta 95 ta Ma'ida kan adilai biyu a hukuncin farauta cikin harami. Da yawansu suka dawo. Duka ɓangarorin aya suka riƙe, amma Ibnu Abbas ne ya san inda kowacce ke zama. Ba ina haɗa ƙanenki da su ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da ya dame ni shi ne "ko jayayya kike da Annabi". Da wannan ya mayar da fahimtarsa ta zama ita ce hadisin, kuma nan haɗarin yake.

'Yar Kagoro: Ni Kirista ce, amma muna fama da irin wannan. A Matiyu sura 4, Shaiɗan ya jawo Zabura ta 91 don Yesu ya faɗo daga kan haikali, Yesu ya amsa masa da wani nassin da ya ce kada a gwada Ubangiji. Na ga waɗanda suka ajiye magani da sunan bangaskiya, ƙarshen bai yi kyau ba. Allah ya ba Mama lafiya.

Maman 'Yan Biyu: 'Yar uwa, kada ki yi gardama da shi a gaban Baba, zai ga kina neman kunyata shi ne, ya ƙara kafewa. Ki same shi shi kaɗai, ki yaba masa haddarsa da gaske, sannan ki tambaye shi a hankali: wane malami ne ya yi sharhin hadisin nan ya ce a bar maganin likita? In ya rasa amsa kada ki matsa. Ki roƙi malamin da ya fi jin maganarsa ya kira shi, don abin da ba zai karɓa daga bakin yayarsa ba zai karɓa daga malaminsa. Baba kuma kawunku ko wani aminsa ya dace ya yi masa magana. Gobe in za ku asibiti, ki ce ƙanen naki ya rako ku, a auna jinin Hajiya a gabansa, ya yi wa likita duk tambayar da yake so.