Ragar murhu: wane awo ne ke rage cin gawayi da itace, kuma me ke sa ta lanƙwashewa?

Mai Walda, Jega:

Assalamu alaikum. Tambayata ga maƙera ce da maginan tukwane da duk wanda ya san aikin murhu. Murhu iri biyu aka fi kawo aikinsu a wajenmu. Akwai kurfotin gida, wanda faɗin wurin zuba gawayinsa santimita 20 ne zuwa 25, ragarsa langa-langa ce da aka huda da ƙusa. Akwai kuma babban murhun da mata ke ɗora wa rabin duro su turara shinkafa, shi rodi mai milimita 10 ake jerawa a kama shi da walda a jikin murhun. Koken masu saye uku ne. A kurfoti ko dai gawayi ya cinye kafin tuwo ya nuna, ko wutar ta kwanta sai da mafici. A babban murhu rodin yana lanƙwashewa har ya tsinka waldar. Sannan ga buntun shinkafa nan tuli a bakin kowane injin casa, amma da an zuba shi a kan raga sai hayaƙi. Huji nawa ya kamata, mai wane girma, kuma wace tazara za a bari tsakanin raga da gindin tukunya?

Malamin Ƙere-ƙere, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in ɗauki kurfoti. Koken nan biyu da suka yi kama da kishiyoyi tushensu ɗaya: babu abin da ke sarrafa iska. Kilo ɗaya na gawayi yana buƙatar iska mai nauyin kilo 10 ko kusa da haka kafin ya ƙone tas, kuma kusan dukkanta ta ƙarƙashin raga za ta biyo. Hujin ƙusa ƙarami ne, milimita 4 ko 5, toka na toshe shi da an fara girki, sai wuta ta kwanta. Idan mai murhu ya gaji ya ɓarke hujin, ko langa-langar ta cinye ta yi wawakeken rami, sai iska ta yi yawa ba ƙofar da za ta tare ta, gawayi ya tafi a banza.

Awon da ya dace shi ne jimillar hujin ta kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na filin ragar. Ga lissafin raga mai faɗin santimita 20. Filinta duka murabba'in santimita 314 ne. Huji mai faɗin santimita 2 filinsa 3.14. Idan ka yi 19, ɗaya a tsakiya, 6 a zagaye na farko, 12 a na biyu, jimilla ta kusa 60, kashi 19 ke nan. Zagaye na farko ka auna santimita 4 daga tsakiya, na biyu santimita 8, sai hujin su zauna ba su matse juna ba. In gawayin unguwarku ƙanana ne masu yawan gari, koma huji mai santimita 1.5, ka matso da zagayen nan biyu ciki ka ƙara zagaye na uku mai 18, su zama 37. Kada ka wuce santimita 2, garwashi zai riƙa zubewa cikin toka da sauran ƙarfinsa.

Ƙarƙashin raga a bar ɗakin toka mai zurfin santimita 6 zuwa 8, rufaffe ta ko'ina ban da ƙofa guda. Ƙofar ta kai santimita 6 a 10, wato daidai da jimillar hujin, kuma ta zama mai zamewa wadda ke rufuwa ruf. Wannan ƙofar ita ce rabin aikin, amma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A buɗe ta duka wajen hura wuta da tafasa, da tukunya ta tafasa a tura ta saura faɗin yatsa. Wake ko ganda da ke daɗewa a wuta, yawancin gawayinsu bayan tafasa yake ƙonewa, a nan ake samun rangwamen.

Zurfin kwanon gawayi santimita 8 zuwa 10 ya isa. Tsakanin saman gawayi da gindin tukunya santimita 2 zuwa 3, domin gawayi ba shi da dogon harshe, zafinsa daga jan garwashi yake fitowa, nisa kaɗan ke rage shi. Ƙafafun da tukunya ke zama a kai su ɗaga ta santimita 1 zuwa 1.5 daga bakin murhu. In ta zauna daram ta rufe baki, iska ba ta da mafita, komai kyan raga wutar mutuwa za ta yi.

Maƙeri, Argungu:

Malam ya gama da kurfoti. Ɗan'uwa, zancen rodi kuwa laifin waldar ne. Ƙarfe na miƙewa in ya ji wuta. Rodi mai tsawon santimita 60, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 600, yana ƙara kusan milimita 4. Ka kama shi ta kai biyu, ina zai je? Dole ya gantsare ko ya fizge waldar, ga shi a wannan zafin ya yi laushi, ga nauyin itace a kansa. Kada raga ta haɗu da jikin murhu ko kaɗan. Yi mata mazauni da angil, wato ƙarfe mai kusurwa, a gefe biyu, ka ajiye ta a kai, ka bar rarar milimita 5 a kowane kai. Rodin ma kansu a yi musu walda ta kai ɗaya kawai, ɗaya kan ya kwanta sake a cikin gurbi. In tsawon ya haura santimita 40 sai an sa mariƙi a tsakiya ta ƙasa. Ribar haka, in ta fara lotsawa sai a kife ta, in ta mutu a canza ta ita kaɗai.

Milimita 10 ya yi wa wannan murhun kaɗan. Sa 16, tazara tsakaninsu milimita 10 zuwa 12. Ƙarfe mai faɗi ma ya fi rodi idan aka tsayar da shi a kan gefensa, misali mai kaurin milimita 6 da tsayin 30, don iskar da ke wucewa tana sanyaya shi kuma ba ya saurin lotsawa. Ƙarfen zubi ya fi su duka jure wuta, sai dai yana tsagewa in aka watsa masa ruwa da zafinsa. A gaya wa masu murhu su daina kashe wuta da ruwa a kan raga, su janye itacen waje su kashe. A guji kwanon rufi da duk ƙarfen da aka yi wa rufin zinki: zinkin na narkewa a digiri 420, hayaƙinsa kuma na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Itace ba gawayi ba ne. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin busasshen itace tururi yake zama ya tashi, a saman wuta yake ƙonewa. Hayaƙin da kake gani shi ne wanda bai samu iska ko zafi ba. Don haka iska biyu ake so, ta ƙasan raga da ta samanta. Kada ragar ta cika faɗin murhun. Ga duro mai faɗin santimita 57, raga mai 30 a 35 a tsakiya ta isa, sauran a cike da bulo da laka. Ragar da itace bai rufe ba iska mai sanyi kawai take shigowa da ita ta sanyaya gindin duro. Daga raga zuwa gindin duro santimita 23 zuwa 25. Ƙasa da haka harshen wuta zai taɓa ƙarfe mai sanyi kafin ya gama ci, ya zama baƙin hayaƙi. Sama da haka zafi ya ɓata a bango. A bakin murhu a sa ɗan dandamali daidai da tsayin raga wanda itace zai kwanta a kai, iska ta bi ta ƙarƙashinsa, kawunan itacen kaɗai ke ci ana turawa.

Sannan a ɗaga bango ya kewaye duron har kusa da wuyansa, da tazarar santimita 1.5 zuwa 2, zafin ya goga jikinsa kafin ya fita. Wannan ya fi gyaran raga rage cin itace, gaskiya ke nan.

Maginiyar Tukwane, Zuru:

Malamai, kun yi bayani, amma a kurfoti ban yarda da ragar ƙarfe ba in dai da hali. Gawayin kirya da na marke zafi gare su, langa-langa ba ta shekara a ƙarƙashinsu. Kuma ƙarfe janye zafi yake yi ya watsar. Ragar yumɓu haɗe da kwanonta ta fi, irin ta murhun Jiko da aka fito da shi a Kenya a farkon shekarun 1980: jiki na ƙarfe, ciki na gasasshen yumɓu. Kaurinta santimita 2.5 zuwa 3. A kwaɓa yumɓu da garin fasasshiyar tukunya da aka tankaɗe, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, shi ke hana tsagewa. Huji sai ta sha iska ta yi ƙarfi amma farce na shiga, a huda da guntun bututu. A yi shi ya fi faɗi ta ƙasa, toka ta faɗa da kanta. Yumɓu na tsukewa wajen bushewa da gashi, sau da yawa kusan kashi ɗaya cikin goma, saboda haka hujin da ake so ya zama santimita 2 a huda shi 2.2. A shanya a inuwa mako biyu zuwa uku, a lokacin hunturu a rufa mata buhu don kada iska ta busar da bayanta cikin na ɗanye. Tsakaninta da jikin ƙarfe a cusa tokar buntu da aka dama da ɗan siminti. Kada a sa yashi, nauyi ne kawai da shan zafi.

Mai Walda, Jega:

Allah ya saka da alheri. Saura buntun. Kuma yaya zan tabbatar wa mai saye cewa sabuwar raga ta fi tsohuwar?

Malamin Ƙere-ƙere, Birnin Kebbi:

Buntu ba zai taɓa ci da kyau a shimfiɗaɗɗiyar raga ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce, inda ta itace ba ta cika wuce kashi 1 ko 2 cikin ɗari ba, kuma tokarsa ba ta rugujewa, tana riƙe siffar ƙwayar ta danne wuta. Ragarsa mai hawa-hawa ce kamar matakala, a kishingiɗe digiri 45. Yanka ƙarfe mai faɗin santimita 6 da kaurin milimita 5, ka kwantar da su a jere, kowane yana ƙasa da na samansa da santimita 2.5, ya kuma leƙo gaba da santimita 2.5. Iska ta tsakankanin matakan take shiga daga baya. Faɗin santimita 6 ɗin shi ke hana buntu zubewa ta can, don in ya gangara cikin tazarar yana tsayawa kafin ya kai ƙarshe. Mazurari a sama yana sako buntu, kaurinsa a kan matakan kada ya wuce santimita 3 zuwa 5. A ƙasa a bar maɓuɓɓugar toka, ana jan ta kaɗan-kaɗan da ƙugiya duk bayan 'yan mintoci, sabo ya gangaro da kansa. Kada a tona tsakiyar wutar. Irin wannan ba ta aiki sai da bututun hayaƙi mai tsawon mita 2.5 zuwa 3 da zai ja iska, kuma buntun ya zama busasshe.

Gwaji kuwa da sikeli ake yi. Tukunya ɗaya, ruwa lita 5, gawayi daga buhu ɗaya, wurin da iska ba ta kaɗawa. Auna gawayi kafin a kunna, a tafasa, a rage ƙofa ya ci gaba da ɓararraka minti 45, sannan a juye ragowar a gwangwani mai murfi ta mutu a sake aunawa. Kowace raga sau uku, a ɗauki matsakaici, domin gwaji ɗaya yana ruɗi. Abu ɗaya ake canzawa a kowane karo, ko huji ko tazara.

A ja kunnen masu saye kan ƙofar nan. Gawayin da aka rage wa iska yana ƙara fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce ke kashe mutane a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. Kurfoti a tsakar gida ko madafa mai taga a buɗe, kada a shiga da shi ɗakin kwana ko da wutar ta yi kamar ta mutu.