Gashin hamstana yana zubewa ta baya: tsufa ne ko cuta?

Auta_Zee:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu kiwon hamsta (ƙaramar dabbar nan mai kama da ɓera da ake ajiyewa a keji) ku taimaka min. Ina da namiji guda, irin na Siriya mai ruwan zinare, sunansa Kumatu, ya haura shekara ɗaya da rabi. Kwanan nan gashin bayansa ya fara raguwa, daga tsakiyar gadon baya zuwa wajen wutsiya, har ana hango fata. Fatar ta bushe, tana ɗan fari-fari kamar amosani. Sannan a kowane gefen kwankwasonsa akwai wani baƙin tabo, gashin wurin ya kwanta, wani lokaci ma sai in gan shi a jiƙe.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba ya susa sosai. Yana ci, da dare yana gudu a cikin tayar motsa jikinsa har ya hana ni barci yadda ya saba. Shi kaɗai ne a kejinsa. Shimfiɗarsa dusar katako ce, abincinsa kuma gaurayen hatsin da ake haɗa wa irinsu, sai dai yakan tsince 'ya'yan sanfulawa (sunflower) ya bar sauran. Ruwan kwalbarsa na saurin ƙarewa fiye da da, amma wataƙila ɗiga take. In yi masa wanka ne? Ko akwai abin shafawa?

Sadauki88:
Wa alaikumus salam. Tsufa ne kawai ƙanwata, ai ba sa wuce shekara 2 zuwa 3. Ki wanke shi da ruwan ɗumi, ki shafa masa mai, ki ɗan buɗe amoksisilin ki zuba masa a ruwa ko da akwai ƙwayar cuta.

Anti_MaiKeji:
Sadauki, kan shekarun ka faɗi daidai, amma sauran don girman Allah kada ta yi ko ɗaya. Zee, amoksisilin da penisilin da danginsu suna kashe hamsta. Suna share ƙwayoyin cikinsa masu amfani, sai miyagun su yi yawa, gudawa ta kama shi, kafin ki ankara ya tafi. Wanka da ruwa kuma yana wanke man da ke kare gashinsa, ga sanyi da ke saurin kama ƙaramin jiki irin nasa. Mai kuwa duk abin da kika shafa lashewa zai yi.

Abubuwa biyu kika haɗa, bari in raba miki su. Tabon nan biyu na kwankwaso halittarsa ce. Duk hamstan Siriya yana da su, ɗaya dama ɗaya hagu, daga nan yake fitar da warin da yake gogawa a jikin keji don nuna wurin nasa ne. Na namiji sun fi girma sun fi duhu, kuma yana yawan lasar su, shi ya sa kike ganin danshi. Matuƙar girmansu ɗaya, ba kumburi ba jini, ki cire su daga lissafi. Ƙananan nau'o'in hamsta, su Campbell da Roborovski, nasu a fatar ciki yake, wajen cibiya.

Na gadon bayan ne abin dubawa. Namiji, ya wuce wata 18, gashi na tafiya daga baya zuwa gindin wutsiya, fata a bushe tana ɓarewa, ba ƙaiƙayin kirki: wannan siffar ta fi kama da ƙwarin fata da ake kira Demodex. Iri biyu ne ke zama a jikin hamsta, criceti da aurati, ido ba ya ganin su. Kusan kullum suna nan a fatar mai lafiya ma, ba sa yi masa komai. Sai garkuwar jikinsa ta yi rauni suke hayayyafa. Don haka in aka same su da yawa, tambayar da ya kamata a yi ita ce me ya raunana shi. Wani lokacin tsufan ne kawai, ko ƙarancin abinci mai gina jiki. Wani lokacin kuma ciwon ƙoda ne, ko ƙari a ciki.

Nan ne maganar ruwan nan da kika jefa a ƙarshe ta tsaya min a rai. Tsohon hamsta mai yawan shan ruwa da yawan fitsari, ana zargin ƙoda. Akwai kuma cutar Cushing, wadda jiki ke fitar da sinadarin kotisol fiye da ƙima. Ita takan zubar da gashi daidai wa daida a ɓangarori biyu, fatar ta yi sirara ta yi duhu. Ban ce ɗaya daga ciki ke damun Kumatu ba, ba wanda zai iya cewa haka daga rubutu. Amma ki tabbatar da batun kwalbar tukuna: ki sa alama da biro a kan ruwan da yamma, ki ajiye busasshiyar takarda a ƙarƙashin bakinta, da safe ki duba. In takardar a bushe take ruwan kuma ya sauka, shi ya sha.

Ki kai shi wurin likitan dabbobi, ki tambaya tun kafin ki je ko yana duba ƙananan dabbobi irin zomo da hamsta, don ba kowane ba ne. Zai kankari fatar kaɗan ya duba a madubin likita. In ƙwarin ne, yawanci maganin kashe ƙwari mai suna ivermectin ake bayarwa, ana maimaitawa na wasu makonni. Awon maganin da nauyin jikinsa yake tafiya, shi kuwa dabba ce da ba ta cika wuce giram 150 ba, kuskuren ɗigo ɗaya babba ne. Kada ki yi amfani da na kare ko na kyanwa da kanki.

Malam_Buba:
Anti ta gama magana, ni ƙari biyu gare ni. Na farko dusar katakon. Wane itace ne? In tana tashin ƙamshi, akwai yiwuwar itacen sida (cedar) ne ko fayin (pine), su kuwa man da ke jikinsu yana fusata fata da hanci. Ki koma shimfiɗar takarda marar turare, ki zuba da kauri don ya samu na haƙa rami. Audugar nan mai laushi da ake sayarwa wai don ya yi makwanci, ki bar ta, tana naɗe ƙafa, in ya haɗiye kuma ta toshe hanji.

Na biyu abinci. Wanda ke tsince sanfulawa kitse yake ci. An san abincin da furotin ɗinsa ya yi ƙasa da kashi 16 cikin 100 yana jawo zubewar gashi. Ki duba bayan ledar. Kada ki riƙa cika masa kwano tun bai cinye na ciki ba, ki leƙa ma'ajiyarsa ma, don rabin abin da kike zaton ya ci yana jibge a lungu. Ɗan dafaffen ƙwai ko busassun tsutsotsi jefi-jefi suna taimakawa, amma ki bari likita ya duba ƙodar kafin ki ƙara furotin da yawa.

Maimakon wanka da ruwa, ki sa masa kwanon yashi mai tsabta, ba mai ƙura ba, zai yi birgima ya goge kansa.

Auta_Zee:
Allah ya saka da alheri Anti, Malam na gode. Na yi gwajin kwalbar, takardar a bushe na same ta, ke nan shi yake sha. Dusar kuwa fayin ce, haka aka rubuta a jikin buhun, na kwashe ta yau. Anti, wata tambaya: ƙanina ƙarami yana yawan ɗaukar sa. Abin nan yana kama mutum?

Anti_MaiKeji:
Amin ƙanwata. Demodex na hamsta ba ya zama a jikin mutum. Wanda ke kama mutum makero ne, kuma shi ma yakan zo da zubewar gashi da busasshiyar fata, sau da yawa a zagaye. Tunda ba a tantance ba tukuna, yaron ya haƙura da ɗaukar sa, ke ma ki riƙa wanke hannu da sabulu bayan kin taɓa shi ko kejin. Kafin ranar ganin likita ki ɗora shi a ƙaramin sikelin giram ki rubuta nauyinsa, ki ɗauki hoton bayan nasa da haske mai kyau, ki tafi da ledar abincin. Batun yawan shan ruwan shi za ki fara faɗa wa likitan, kafin ma maganar gashi.