In ƙara simesta ɗaya a Bolonya ko in tattara in koma gida?

Baƙuwar Bolonya: Assalamu alaikum. Ina aji uku a jami'a a gida, aka zaɓe ni a shirin musayar ɗalibai na Erasmus+, simesta ɗaya a Jami'ar Bolonya, Italiya. Na zo a Satumba, Fabrairu ya kamata in koma. Wallahi ban zaci gari zai shiga raina haka ba. Daga ɗakina har titin Via Zamboni inda muke lacca, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ba na jiƙewa, don kusan kowane titi rumfa ce a gefensa. Da safe in sha kafucino a tsaye gaban kanta kamar kowa. Lahadi mu bi rumfar San Luca, kusan kilomita 4 ana hawan tudu, mu sauko mu zauna a matakalar dandalin Piazza Maggiore da jelato (askirim) a hannu. Filorens ba ta kai minti 40 a jirgin ƙasa mai sauri ba. Ba mai ce mini ina za ki, yaushe za ki dawo.

To ofishin ɗaliban musaya na nan sun ce zan iya neman ƙari zuwa Yuli idan jami'ata ta gida ta sa hannu, amma ba tabbas tallafin zai biyo. Abba bai sani ba. Jarabawa a Janairu, kuma ta baka ce. Permesso ɗina, wato katin izinin zama, bai fito ba. Me zan yi?

Tsohon Torino: Ƙanwata, ki zauna, babu wani dogon tunani. Jami'ar da aka kafa tun 1088 ce za ki bari ki koma inda ake yajin aiki? Amma ki saurare ni, na daɗe a ƙasar nan. Rasit ɗin da gidan waya suka ba ki ranar da kika kai takardun permesso, ki riƙe shi gam, shi ne shaidarki har Questura, wato ofishin 'yan sanda, su ɗauki yatsunki su ba ki katin. Kada ki bi ƙawaye Faransa ko Jamus da rasit kawai. Ƙari kuma yana nufin sabunta takarda: shaidar kuɗi, inshorar lafiya, wasiƙar makaranta. Jarabawar baka ba dodo ba ce. Maki 30 ne, 18 an ci, kuma akwai appello, wato zaman jarabawa, fiye da ɗaya, in kin faɗi na farko ki shiga na biyu. Makin da bai yi miki ba ma kina iya ƙin karɓa.

Maman Biyu: Ni abin da ya tsaya mini a rai, me kike ci, 'yata? Garin mortadella ne fa, wani sarrafaffen nama da yake zallar alade. Miyar ragù ɗinsu akwai alade a ciki, burodinsu piadina ma da kitsensa ake kwaɓawa, strutto suke ce masa. Ƙanena ya yi wata biyu yana cin burodin nan bai sani ba. Shi ma haka ya fara, ƙarin simesta ɗaya, yau mahaifiyarmu sai a waya take ganin jikokinta. Ki dawo.

Baƙuwar Bolonya: Mama, ina karanta abin da ke jikin leda kafin in saya, kuma akwai mahautan halal a unguwar Bolognina, bayan tashar jirgi. Ni ba gudun gida na yi ba, karatu ne.

Malamin Tsangaya: Karatu, to madalla. Kwas nawa ke cikin yarjejeniyar karatunki, kuma nawa kike shiga? Simesta cikakkiya kiredit 30 ce. Idan kwasa-kwasan simesta ta biyu ba su yi daidai da na sashenku ba, za ki dawo ki tarar da sa'anninki sun shiga aji huɗu ke kina maimaici. Na ga ɗalibin da sakamakonsa na waje ya kwana a teburin wani jami'i har aka yaye 'yan ajinsu, ni na yi ta zarya a kansa, ko na gode ban samu ba. Ki samu sa hannun shugaban sashe a rubuce tukuna.

Tsohon Torino: Malam, da girmanka, wannan tsoratarwa ce. A nan yawancin lacca ba dole ba ce, littafi ake karantawa a je a amsa tambaya. Kuɗi kuma, doka ta ba ɗalibi awa 20 na aiki a mako. Ta nemi aiki.

Mai Jiran Biza: Wasu na kukan daɗi. Ni an hana ni biza bayan na biya komai, ko dalili mai kama hankali ba a ba ni ba. Allah Ya sa mu a danshinku.

Malamin Tsangaya: Aiki da wane Italiyancin? Ban ji ta ce ta iya ba. Kuma tambayata tana nan.

Baƙuwar Bolonya: Malam, ina shiga lacca daidai gwargwado. Ai an ce mana sanin gari da mutanensa yana cikin manufar shirin. Italiyanci kuma ina iya cefane da shi. Ni fa abin da na fi so ku gaya mini shi ne yadda zan tunkari Abba.

Maman Biyu: Au, ashe kin riga kin yanke.

Tsohon Torino: Ki fara ta wajen Umma, ita ta san lokacin da za ta shigar da maganar. Amma ɗaki fa? A Bolonya samun gado ya fi samun biza wuya. Kwantiraginki yaushe zai ƙare?

Baƙuwar Bolonya: Ƙarshen Fabrairu. Wata ƙawata ta ce ƙila in zauna wajenta, za mu yi maganar in mun dawo daga Venis.