Windows 11 ko a tsaya kan 10? Abin da aka faɗa

Hirar da muka yi kan ko a koma Windows 11 ko a tsaya kan Windows 10 ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Babu gardama: Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta tun 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar tana aiki, amma gida ne ba maigadi.

2. Kowa ya ce a kwashe fayiloli a kile USB kafin a taɓa komai. A sauke Windows 11 da dare, batir cike, kada wuta ta ɗauke a tsakiya.

3. A nan aka rabu. Windows 11 na neman TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta) da RAM 4 GB, galibi kuma processor (ƙwaƙwalwar kwamfuta) na Intel zubi na 8 ko sama. Yawancin kwamfutocin gwanjo da muke saya a Yamai ba su kai ba. Wasu suka ce masu gyara na iya cusa Windows 11 ta ɓarauniyar hanya. Wasu suka ce sun gwada, na'urar ta yi nauyi, tsohuwar firintar shagonsu ta ƙi magana. Ni dai ina tare da na biyun.

4. Kaɗan sun kawo shawarar Linux Mint, wani tsarin da ake sawa a madadin Windows. Masu Word da Excel suka ce a kai kasuwa.