Yaya ake kafa hujja da ƙamus a kundin digiri?

'Yar Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a nan Jos, kundina a kan kalmomin masu haƙar kuza ne. Na ɗauko ma'anar "kuza" daga ƙamus ɗin Bargery da ke intanet, na rubuta Bargery, 1934, na wuce. Malamin da ke duba aikina ya sa jan biro: "Wane bugu? Wane shafi?" To ni wanda na duba ba shi da shafi. Tarihin garin Bukur, kusa da Jos, da na ɗauko daga Wikipedia ma ya soke shi. Tsarin kafa hujja da jera manazarta na APA muke bi, kuma ranar Litinin zan mayar masa. Don Allah a taimaka.

Baba Mai Laburare:
Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki yana da gaskiya. Bargery ya fito a 1934 daga maɗaba'ar Oxford, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi a 1993 da ƙarin kalmomi na Neil Skinner. Kin ga ke nan ba littafi ɗaya ba ne. Abin da idonki ya gani shi za ki rubuta. In na intanet ne, a cikin manazarta ki sa sunan mawallafi, shekara, ita kalmar da kika duba, sunan ƙamus ɗin, sai adireshin shafin. Amma da ni ne ke, sai in taka zuwa laburare in buɗe na takarda, in ɗauki lambar shafin, magana ta ƙare.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Hausar da Bargery ya tattara ta kusa shekara 100. Ki ajiye shi gefe da Kamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ki ga inda ma'ana ta sauya. Kuma tsofaffin 'yan kuza suna nan a Bukur da ransu, sun fi kowane ƙamus sanin kalmomin bakin rami.

Abban Farin Gada:
Batun Wikipedia, APA bugu na 7 ya yarda, da sharaɗin a kawo adireshin kwafin ranar da aka karanta, daga tarihin shafin, tunda kowa yana iya gyara shi. Sai dai malamai da yawa ba sa karɓa. Ki gangara ƙasan maƙalar, ki nemi littattafan da aka dogara da su, ki karanta da kanki.

Malama Asabe:
Ƙanwata, ki lura da insakulofidiya irin Encyclopaedia of Islam. Kowace maƙala da sunan wanda ya rubuta ta a ƙarshe. Sunansa ake fara sawa, editoci su biyo baya. Ɗalibaina sukan manta da shi, alhali shi ya yi wahalar.

'Yar Unguwar Rogo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, gobe da safe zan je laburare. Kakan ƙawata ya yi haƙar kuza, zan roƙe ta ta kai ni wurinsa ranar Asabar.